Ragon Jajibere: Muhawara Kan Cinikin Chapman

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Tanghin a Wagadugu ana jibi Sallar Layya ya san ba nauyin rago kaɗai ke yanke masa farashi ba. Ragon da a watan Shawwal mai shi ke bin ka yana cewa ƙara kaɗan in sallama, shi ne ranar jajibere za ka taya, dillali ko ɗaga kai ba zai yi ba, sai dai ka ji "albarka" daga ƙarƙashin hula. Ƙahonsa na nan yadda yake, kitsensa bai ƙaru da wani abin kirki ba. Kwanan wata ne ya motsa. Kuma akwai magidancin da za a wayi gari ya sayar da 'yar tunkiyar da yake kiwo a bayan ɗaki, wadda da ya bari za ta haifa masa shekara da shekaru, ya cika kuɗi ya ja ragon da gobe da hantsi zai zama nama. Maƙwabta su rabu biyu a kansa: wasu su ce ya fita kunyar iyali, wasu su ce ya cinye jarinsa a yini ɗaya.

Wannan gardamar ce na tarar, da wasu tufafi daban, a wasan besbol na Amurka. Kada mai karatu ya ce me ya haɗa Wagadugu da besbol. Wasan yana da ɗan tarihinsa a ƙasar nan. Wani ɗan sa-kai daga Japan, Yuta Deai, ya koyar da yara shi tun daga 2008, kuma cikin ɗalibansa aka sami Sanfo Lassina, wanda ya tafi Japan a 2013 yana ɗan shekara 15, ya shiga ƙungiyar Kochi Fighting Dogs ta tsibirin Shikoku. A 2019 ƙungiyar Burkina Faso ta fito daga Afirka ta Yamma ta je gasar Afirka a Johannesburg, inda ta kara da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabuwe. Don haka akwai samarin da ke bin labarin manyan ƙungiyoyin Amurka a wayoyinsu, kuma ɗaya daga cikinsu, ɗan yayata, shi ya kawo maganar a rumfar da muke shan shayi da wani tsohon dillali bayan la'asar.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da ya kamata ya riƙe kaɗan ne. Ana yin zango tara. A kowane zango ɓangare ɗaya na jifa, ɗaya na bugu da sanda, sai an fitar da mutum uku a juya. Mai jifa yana tsaye nisan mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, kuma aikinsa na cin kafaɗa da gwiwar hannu, shi ya sa wanda ya fara wasa yakan yi zango biyar ko shida, jifa kamar ɗari, a sauke shi. Wanda aka sauke ba ya dawowa ranar. Masu karɓar aikin daga hannunsa su zan kira majefan ɗauki, kuma babbansu shi ne mai rufe ƙofa, wanda ake ajiyewa sai zango na tara idan ana gaba da ɗan rinjaye. Mu nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan amfanin mai rufe ƙofa. A 1998, da muka karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka, 'yan wasanmu Etalons na Philippe Troussier suna cin Kwango ta Kinshasa 4 da 1 a wasan neman na uku, saura 'yan mintoci a tashi, mutane sun fara neman inda suka ajiye baburansu. Aka farke uku a jere, aka tafi bugun fenareti, muka faɗi. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san zafin cin da aka riƙe har bakin ƙofa ya zube.

Wani bambanci kuma: a ƙwallon ƙafa kuɗi ake zubawa a sayi ɗan wasa, a besbol yawanci musaya ake yi, mutum da mutum. Ƙungiyar da ke hangen kofi a bana ta ba da samarin da take reno a ƙananan rukunoni, ta karɓi gogagge daga ƙungiyar da ta fid da rai. A yanzu kasuwar takan ci ne wajen ƙarshen watan Yuli, daga nan a rufe. Jajiberensu ke nan.

Ranar 25 ga Yuli, 2016, ƙungiyar Chicago Cubs ta karɓi Aroldis Chapman daga New York Yankees. Chapman ɗan Kyuba ne, bahago, wanda ya sulale daga tawagar ƙasarsa a Rotterdam ta Holan a 2009, kuma a 2010 ya yi jifan da aka auna gudunsa ya kai kusan kilomita 170 a awa, mafi sauri da aka taɓa rubutawa. Cubs suka ba da mutum huɗu: Adam Warren, Billy McKinney, Rashad Crawford, da kuma wanda ake maganar saboda shi, Gleyber Torres, ɗan Benezuwela mai shekara 19, wanda kowa ya yarda shi ne mafi daraja cikin samarin da suke reno. Kwantiragin Chapman kuwa saura wata uku ya ƙare. Haya ce, ba saye ba.

Ɗan yayata yana cikin masu cewa faɗuwa aka yi, kuma hujjarsa ta lissafi ce. Ƙungiya na buga wasa 162 a shekara, majefanta su raba zango kusan 1,450 a tsakaninsu. Mai rufe ƙofa, duk ƙwarewarsa, yawanci ba ya wuce zango 60 zuwa 70, wato ƙasa da kashi 5 cikin 100 na aikin. Chapman a rigar Cubs, in an haɗa wasannin kaka da na neman kofi, mutum 127 ya fitar, bai ƙara ko ɗaya ba. A ɗaya hannun, dokar wasan ta ba ƙungiya ikon riƙe sabon ɗan wasa shekara shida cif kafin ya sami 'yancin zaɓar inda zai je, kuma shekarun farko albashinsa mafi ƙanƙanta ne. Torres ya shigo babban rukuni a 2018, aka zaɓe shi cikin taurarin shekara a 2018 da 2019, a 2019 ya buga ƙwallo 38 da suka tsallake katanga, ya yi wa Yankees kaka bakwai. Abin da ya fi ci wa yaron rai shi ne ƙarshen labarin: a watan Disamba na 2016 Chapman ya koma Yankees ɗin da suka sayar da shi, kan dala miliyan 86 na shekara biyar, sama da biliyan 50 na sefa. "Baba," in ji shi ga dillalin, "ka taɓa ganin wanda ya sayar da rago, ya riƙe tunkiyar da aka ba shi, bayan Sallah kuma ragon ya dawo turkensa da ƙafarsa?"

Tarihi ma yana bayansa, ko aƙalla sashen tarihin da aka fi ba da labarinsa. A ƙarshen Agusta 1990 Boston Red Sox suna bukatar majefin ɗauki, suka karɓi Larry Andersen mai shekara 37 daga Houston, suka ba da wani saurayi da bai taɓa taka babban rukuni ba, Jeff Bagwell. Andersen bai yi laifi ba, ya yi zango 22 masu kyau, Boston ta ci rukuninta da tazarar wasa biyu, sannan Oakland ta share ta wasa huɗu a jere, Andersen ya kama gabansa. Bagwell ya yi kaka 15 a Houston, ya tsallakar da ƙwallo 449, a 2017 aka shigar da shi zauren gwarazan wasan. Bayan shekara bakwai Boston ɗin ce ta rama a kan wasu: a 1997 ta ba Seattle majefin ɗauki Heathcliff Slocumb, ta karɓi Derek Lowe da Jason Varitek, su biyun suna cikin waɗanda suka kawo mata kofi a 2004 bayan shekara 86 tana jira.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan cinikin yake yawan cizon mai saye. Majefin ɗauki yana aiki kaɗan ne, don haka kyakkyawan suna ko mummuna na iya ginuwa a kan jifa biyu ko uku. Wanda ya gagara a bana, baɗi sai ka ga ana dukansa kamar ganga. Da yawansu ma tun asali masu fara wasa ne da suka kasa, aka mayar da su ɗauki, kuma kowace shekara sai an sami wani da ba a san shi ba ya fito ya yi aikin da ake biyan miliyoyi a kansa. Eric Gagné, wanda a 2003 aka ba shi kyautar majefin da ya fi kowa a rukuninsa, da Boston ta karɓo shi a Yulin 2007 sai ya zama abin fargaba duk lokacin da ya taso. Sun ci kofin shekarar, amma ba da hannunsa ba. Mai wannan ra'ayi yana cewa abin da ake iya tsinta a gefen hanya ba a sayar da gona don a saye shi.

Dillalin ya bari ya gama, ya kurɓi shayinsa, sannan ya tambaye shi abu ɗaya: "Ɗana, su mutanen nan shekara nawa suka yi ba su yi layya ba?"

Amsar ita ce 108. Rabon Cubs da kofi tun 1908, kafin Yaƙin Duniya na Farko, shekara goma sha ɗaya kafin Faransa ta yanka ƙasar da ta kira Haute-Volta. Rabonsu da zuwa wasan ƙarshe ma tun 1945. An haifi mutane a Chicago, sun girma, sun yi jikoki, sun mutu suna jira. Kuma a Yulin 2016 su ne suka fi kowa ƙarfi a ƙasar, suna gaba da tazara a rukuninsu, daga ƙarshe suka ci wasa 103. A nan hujjar ɓangare na biyu take, kuma ta fi yadda ake zato zurfi. Lissafin kashi 5 cikin 100 gaskiya ne daga Afrilu zuwa Satumba. A Oktoba lissafin yakan karye. Wasannin neman kofi suna da ranakun hutu a tsakani, don haka koci na iya kiran gwaninsa kusan kullum, ya kuma kira shi da wuri. Cubs sun buga wasa 17 a wannan Oktoba da farkon Nuwamba, Chapman ya fito a 13. Zangunan da yake karɓa kuma ba irin na kowa ba ne, su ne waɗanda kuskure ɗaya ke juya wasa. Awon hatsi a watan kaka da awon hatsi a tsakiyar damina mudu ɗaya ne, amma wanda rumbunsa ya ƙare ya san ba daraja ɗaya ba ce.

Suna ƙarawa da cewa Torres, a ranar da aka ba da shi, alkawari ne kawai. Yana matakai uku ƙasa da babban rukuni, kuma samari masu irin sunansa da yawa sun ɓace a hanya. Sauran ukun da aka haɗa da shi ba wanda ya zama tauraro. Ga shi kuma gurbin da yake bugawa a cike yake a Chicago, akwai Addison Russell da Javier Báez, dukkansu matasa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Theo Epstein, shugaban harkokin wasa na Cubs a lokacin, wanda shi ne ya jagoranci Boston ta karya nata dogon jiran a 2004, ya kare cinikin da tambayar da ma'anarta ita ce in ba a yi yanzu ba sai yaushe.

Sai dai wannan hujjar ta "muna da wani a gurbin" ina jin tsoronta, domin ita ce tak wadda Boston ta kawo a 1990. Bagwell a lokacin yana buga gurbin da Wade Boggs ya riƙe, aka ce ba shi da wurin shiga. Houston ta matsar da shi wani gurbin, magana ta ƙare. Gwani ba ya rasa wurin tsayawa. Haka nan masu kare cinikin sukan tuna mana cewa Héctor Rondón da Pedro Strop, majefan ɗaukin da Cubs ke dogaro da su, duk sun ji rauni a watan Agusta, don haka ba don Chapman ba da ƙofa ta zauna a buɗe. Gaskiya ne, amma ranar 25 ga Yuli ba wanda ya san haka, kuma Rondón a lokacin yana aikinsa lafiya lau. Ba a yaba wa mutum da hangen abin da sa'a ce ta kawo.

To me ya faru a fili? A wasan ƙarshe da Cleveland, wanda ake yi na wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai, Cubs suka sami kansu a baya 3 da 1. Wasa na biyar, ranar 30 ga Oktoba a filinsu na Wrigley, suna gaba 3 da 2 a zango na bakwai, abokan hamayya na da mutum a hanya, koci Joe Maddon ya kira Chapman tun lokacin bai yi ba. Mutumin da ya saba fitar da uku ya tafi gida, ranar ya fitar da takwas, da jifa 42, bai bari an ci ko ɗaya ba. In akwai daren da Cubs suka ci moriyar kuɗinsu, wannan ne, kuma ban ga wani a cikin majefansu na lokacin da zan rantse zai iya hakan ba. A wasa na shida Maddon ya sake kiransa alhali suna gaba 7 da 2, abin da har yau ake zarginsa a kai, shi ma Chapman daga baya ya fito ya ce an gajiyar da shi ba dalili. Wasa na bakwai, 2 ga Nuwamba a Cleveland, ya shigo a zango na takwas suna gaba 6 da 3, saura mutum huɗu a ɗauki kofi. Brandon Guyer ya buga, aka ci ɗaya. Sai Rajai Davis, wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya ɗauke ƙwallo ta tsallake katangar hagu. Shida da shida. Mai rufe ƙofar da aka sayar da gobe dominsa, shi aka ɓalle wa ƙofa.

Ya dawo ya riƙe zango na tara da hannun da ya mutu, aka yi ruwan sama, aka dakata minti 17, abokan wasansa suka ce sun gan shi yana kuka. Cubs suka ci biyu a zango na goma, Cleveland ta rama ɗaya, aka tashi 8 da 7, wajen ƙarfe biyar saura na asuba agogon Wagadugu. Mutum na ƙarshe kuwa ba Chapman ya fitar da shi ba. Mike Montgomery ne, wanda Cubs suka karɓo daga Seattle kwana biyar kafin cinikin Chapman, a wata 'yar musayar da ba ta tayar da ƙura ba. Jifa biyu ya yi, kuma shi ne karon farko a rayuwarsa da aka rubuta masa rufe wasa a babban rukuni.

Kowane ɓangare yana jan wannan daren zuwa gonarsa. Masu yabo su ce kofi na nan a Chicago, a je a gani. Masu suka su ce sau uku a wannan kakar neman kofin ana miƙa wa Chapman rinjaye yana zubewa a hannunsa, a San Francisco, da gaban Los Angeles Dodgers, da daren ƙarshe, kuma da Cleveland ta ci ɗaya a zango na tara da yanzu sunan cinikin na gefen na Bagwell. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗayan bencin. Cleveland ma ta yi irin wannan cinikin, da Yankees ɗin dai, kwana shida bayan na Cubs: ta ba da samari huɗu, ciki har da Clint Frazier da Justus Sheffield, ta karɓi Andrew Miller. Miller ya fi Chapman aiki a wannan Oktoba, shi aka zaɓa gwarzon wasannin da suka kai Cleveland matakin ƙarshe. Amma ya tafi gida hannu Rabbana. In kofi ne ma'auni, sai mu ce Epstein mai hikima ne, mutanen Cleveland kuma wawaye, alhali shawara iri ɗaya suka yanke, a mako ɗaya, a kasuwa ɗaya, kuma abin da ya raba su maki ɗaya ne bayan ruwan sama.

Don haka ban yarda a auna ciniki da abin da ya biyo baya ba, ko mai daɗi ko mai ɗaci. Ana auna shi da abin da mai saye ya sani ranar da ya ce na saya, da kuma halin da gidansa ke ciki. A kan wannan ma'aunin ina ganin Cubs sun yi daidai, da ƙyar. Sun riga sun tabbatar za su shiga wasannin Oktoba, ba sa sayen tikitin shiga, suna sayen makamin da za su yi amfani da shi a ciki ne, kuma irin makamin da darajarsa ke ninkuwa a can. Suna da samari da yawa, rasa ɗaya ba zai rushe gidan ba. Abin da suke nema kuma ya fi musu daraja fiye da yadda zai yi wa kowace ƙungiya. Cire ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗan uku, sai in koma bayan ɗan yayata. Ƙungiyar da ke tsakiyar teburi tana fatan ko za ta kutsa, ta ba da irin Torres don haya ta wata uku, wannan sayen kifi ne a ruwa. Dillalin ya faɗi nasa a taƙaice, cewa shi bai taɓa ganin laifin mai iyali da ya sayi rago da tsada ranar jajibere ba, wanda yake jin haushi shi ne wanda bashi ya yi masa katutu ya zo yana gasa da Alhaji.

Ɗan yayata bai sallama ba, kuma yana da abin riƙewa. Ya ce mu tambayi Etalons: tun wasan ƙarshe na 2013 da Najeriya ta ci mu ɗaya mai ban haushi ta ƙafar Sunday Mba, wa zai ƙi ba da saurayi ɗaya a ɗauko kofi? Kowa zai bayar. Matsalar, in ji shi, ita ce ba kofi ake sayar maka ba, ƙarin dama ce 'yar kaɗan, kuma mai saye yakan biya kuɗin kofi sukutum. Ban sami amsar da ta rufe masa baki ba. Iyakar abin da na ce shi ne 'yar damar nan ita kaɗai ce ake sayarwa a kasuwar, babu rumfar da ake sayar da tabbas.

Akwai ɓangaren cinikin da lissafi ba ya ɗauka, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A Oktoban 2015 aka kira 'yan sanda gidan Chapman a Florida, bisa zargin ya shaƙe matar da yake tare da ita, ya kuma harba bindiga sau takwas a garejinsa. Ba a gurfanar da shi a kotu ba, amma hukumar wasan ta dakatar da shi wasa 30, shi ne na farko da aka hukunta a ƙarƙashin sabuwar dokarta ta cin zarafin iyali, kuma ya karɓi hukuncin. Saboda wannan labarin Dodgers suka janye daga cinikin da suka kusa ƙullawa da ƙungiyarsa ta lokacin, Cincinnati, farashinsa ya faɗi, Yankees suka ɗauke shi a Disamba da 'yan wasa huɗu da ba manya ba. Bayan wata bakwai suka sayar da shi da tsada. A harshen kasuwa wannan gwaninta ce, Brian Cashman na Yankees ya sayi kaya ranar da kowa ke gudunsa. Amma arahar daga ina ta fito? Daga hawayen wata mata. Wasu magoya bayan Cubs sun ji nauyin abin har suka riƙa ba da sadaka ga ƙungiyoyin taimakon matan da aka ci zarafinsu duk ranar da ya rufe wasa. A kasuwarmu ma akwai dabbar da ake jin labarin inda ta fito, mai mutunci ya wuce ko da an karya masa farashi. Da na ce Cubs sun yi daidai, a kan lissafin fili nake magana. A kan wannan kuwa ba na iya wanke su, ba na iya wanke Yankees.

Su Yankees ɗin da aka ce sun ci riba biyu, me suka girba? Torres da Chapman sun yi kaka biyar tare a New York ba su ɗauki kofi ba. A 2019 Chapman ne José Altuve ya buga wa ƙwallon da ta fitar da su, a 2020 kuma Mike Brosseau na Tampa Bay ya maimaita masa. Torres ya kai wasan ƙarshe a 2024, Dodgers suka doke su, ya koma Detroit. Mai sayarwa ma yana da nasa haɗarin: a Agustan 2022 Milwaukee tana kan gaba a rukuninta ta sayar da mai rufe ƙofarta Josh Hader ga San Diego, bisa lissafi mai kyau a takarda, 'yan wasanta suka karaya a fili, ta rasa gurbin Oktoba da tazarar wasa ɗaya.

Da shayi ya zo ƙarshe na lura da abin da ya sa yaron ya ɗauki maganar da zafi. Mu da dillali muna kallon cinikin daga kujerar mai saye da mai sayarwa. Shi yana kallonsa daga inda Torres yake. Cubs sun ɗauko Torres daga Karakas a 2013 yana ɗan shekara 16, shekarar da Lassina ya sauka a Japan. In wata rana yaron da ya koyi jifa a jan filin Wagadugu ya kai Amurka, ba a matsayin Chapman zai fara shiga labari ba. Zai shiga ne a matsayin ɗaya daga cikin sunaye huɗun da ake lissafawa bayan kalmar "a madadin", a kira shi a waya a ce ya haɗa kayansa, ba tare da an tambaye shi ba. Ga Torres abin ya zama alheri, ya sami gurbi da babban birni. Rashad Crawford, da aka haɗa su a mota ɗaya, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba.

Kasuwar kuma ba ta daina ci ba. A ƙarshen Yunin 2023 Texas Rangers, waɗanda ba su taɓa ɗaukar kofi ba tun kafuwarsu a 1961, suka karɓi Chapman, yana da shekara 35, daga Kansas City, hayar 'yan watanni, suka ba da wani matashin majefi mai suna Cole Ragans. A watan Nuwamba Texas ta ɗauki kofinta na farko, kuma wani ne daban, ba Chapman ba, ya fitar da mutum na ƙarshe. Da shekara ta zagayo, aka zaɓi Ragans cikin taurarin 2024 a rigar Kansas City.